Sauya tsohuwar amfilifaya: Fara duba bayan lasifikarka kafin ka tafi kasuwa

A gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa, daga Kano zuwa Kaduna har Jos, akwai kabad a falo mai ɗauke da jerin na'urori masu fuskar azurfa: rediyo a sama, na'urar kaset a tsakiya, amfilifaya mai nauyi a ƙasa, sai manyan lasifikoki biyu na katako dama da hagu. Wasu da kuɗin Udoji aka saye su, wato ariyas ɗin da aka biya ma'aikata a 1975, wasu kuma a shekarun 1980, zamanin da Sansui da Pioneer da Kenwood da Technics ke cin kasuwarsu.

Lasifikokin galibi suna nan daram. Amfilifayar ce ke fara nuna tsufa: yau ɓangaren hagu ya ɗauke, gobe sauti ya riƙa tartsatsi idan an murɗa maɓallin ƙara, jibi kuma wani gurnani ya taso ko da ba a kunna komai ba. Daga nan mai gida sai ya nufi kasuwa, inda tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce, "Mai wat nawa kake so, Alhaji?" Wannan tambaya tana da muhalli, sai dai ba ita ce ta farko ba. Lasifikokin da ke gida da kuma irin wutar da ke shigowa gidan su ne suka fi cancanta su yanke hukunci.

Ta mutu ne ko ta yi datti?

Tartsatsin da ake ji wajen murɗa maɓalli yawanci ƙura ce, musamman ta hunturu, da tsatsar da ta kama ƙarafunan ciki. Mai gyara zai fesa maganin wanke su cikin 'yan mintoci, sauti ya dawo garau. Ɗaukewar ɓangare guda ma sau da yawa daga nan take, ko daga wani ɗan makunni na ciki da ke sada amfilifaya da lasifika, wanda ake jin ya yi "ƙas" daƙiƙa kaɗan bayan an kunna.

Gurnani kuwa ya fi alaƙa da kafasita, waɗannan 'yan gwangwanaye da ke tace wuta. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar kafasita da kusan rabi. Na'urar da ta shekara arba'in cikin rufaffen kabad a zafin Sakkwato ko Maiduguri ta yi ƙoƙari. Sauya kafasita aiki ne da ƙwararren mai gyara ya saba da shi, kuma kuɗinsa bai kai na sabuwar na'ura mai daraja ɗaya da tsohuwar ba.

Inda ya kamata a haƙura shi ne idan babbar tiransifomar ciki ta ƙone, ko kuma idan amfilifayar na cikin waɗanda aka gina a kan wani baƙin dunƙule mai lambar STK na kamfanin Sanyo. An daɗe da daina ƙera na asali, jabu ne suka cika kasuwa, a sa yau su ƙone bayan wata biyu. Akwai kuma alamar da ba a wasa da ita: idan an kunna sai a ga takardar lasifika ta turo waje ko ta shige ciki ta tsaya cak, a kashe nan take. Wuta ce tsagwaronta ke kwarara cikin lasifikar, kuma tana iya ƙona ta cikin ƙanƙanin lokaci. A duba lasifikar ita ma tukuna, domin soson da ya zagaye bakin takardarta yakan rube, sai ta riƙa karkarwa a ɗora wa amfilifaya laifin da ba nata ba.

Lambobi biyu a bayan lasifika

Idan ta tabbata sauyi za a yi, a juya lasifika a karanta takardar da ke manne a bayanta. Lamba ta farko ita ce om, wadda ake rubutawa da alamar Ω, galibi 8 ko 6 ko 4. Ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta ne. Ƙanƙantar lambar ita ce yawan wutar da lasifikar ke zuƙa, don haka mai om 4 ta fi mai om 8 wahalar da amfilifaya. A bayan kusan kowace amfilifaya, kusa da inda ake ɗaura wayoyi, an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka. Wadda aka rubuta wa 8 zuwa 16, idan aka haɗa ta da lasifika mai 4 aka ƙure ƙara, za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, ko ta ƙone.

Nan ne masu son ƙara lasifikoki biyu a tsakar gida ko a ƙofar shago ke faɗawa rami. A yawancin amfilifayoyi, kunna layin A da layin B tare yana raba turjiyar gida biyu, wato lasifikoki masu om 8 su koma kamar masu om 4, masu 4 kuwa su koma 2, abin da ƙalilan ne daga cikin na'urorin gida ke iya jurewa. Wanda ke da niyyar amfani da lasifikoki huɗu, tilas ya nemi amfilifayar da aka rubuta ƙarara cewa tana ɗaukar om 4.

Lamba ta biyu, wadda ba kowane kamfani ke rubutawa a jiki ba amma ana samunta a littafin na'urar, ita ce desibel, misali 87 ko 90. Tana nuna ƙarar da lasifika ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya tak aka saurara daga nisan mita ɗaya. Bambancin desibel 3 kamar ba komai ba ne a ido, amma yana nufin ninki biyu na ƙarfi: abin da mai 90 za ta yi da wat 30, mai 87 sai ta sami wat 60. Manyan akwatunan da aka ƙera a shekarun 1970 da yawansu ba su da cin wuta, saboda haka mai irinsu bai buƙatar ƙatuwar amfilifaya.

Wat ɗin kwali da wat ɗin gaskiya

Lissafin nan na desibel shi ne ke tona asirin tallar wat. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ninkin wat a matsayin ninkin ƙara. Tashi daga wat 50 zuwa 100 ƙarin desibel 3 ne kawai, ɗan ƙari da za a lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. A falo madaidaici, sauraron labarai ko tafsiri ko waƙa a ƙarar da mutum zai iya hira da baƙonsa bai wuce 'yan wat kaɗan ba. Amfilifaya mai wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowane ɓangare ta wadatar da mafi yawan gidaje.

Tarihin sana'ar ma ya nuna haka. A 1978 kamfanin Pioneer ya fitar da SX-1980 mai wat 270 a kowane ɓangare, a tsakiyar gasar da kamfanonin Japan ke yi ta wa ya fi wani ƙarfi. A daidai wannan lokaci kamfanin NAD ya fito da wata 'yar amfilifaya mai lamba 3020, wat 20 kacal a rubuce, ta kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihi, saboda tana iya tura lasifika mai wahala ba tare da ta sare ba.

Ƙaryar wat tsohuwa ce. Ta yi yawan da a 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa auna ƙarfin amfilifaya a bayyana shi ga mai saye. Lambar da za a nema ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, tare da bayanin om nawa aka auna ta, kuma ɓangarorin biyu suna aiki tare. Wadda aka rubuta PMPO kuwa, irin su wat 3,000 ko 5,000 da ake bugawa da jan rubutu a kwali, ba ta da wani ma'auni da aka amince da shi; ado ce kawai. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiya ita ce a duba kusa da wayar wuta, inda aka rubuta yawan wutar da na'urar ke ci. Ana iya samun ɗan saɓani saboda yadda ake aunawa, amma na'urar da ke cin wat 45 daga bango ba za ta taɓa bai wa lasifika wat 3,000 ba.

Kada kuma a zarce a sayi wadda ta yi ƙanƙanta ainun. Mutane na tsoron babbar amfilifaya za ta fasa musu lasifika, alhali ƙaramar da aka ƙure ita ma mai ɓarna ce. Idan ta kai iyakarta sai ta fara yanke kan sautin, ya koma kaushi, wannan kaushin kuma shi ke ƙona ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti. Da zarar murya ta fara tsatsa a kunne, a sassauta.

Me za a jona mata?

Wanda ke da tarin faifan garmaho ya tabbatar akwai ramin da aka rubuta PHONO. Sautin da allura ke ɗaukowa rarrauna ne ƙwarai, kuma ana yanka faifai ne bisa wani tsari da aka daidaita tun 1954, wanda ke rage kaurin sauti ya ƙara siririnsa, sai wannan sashe ya mayar da shi daidai. Idan babu shi, sai an sayi wani ɗan akwati daban. Mai kaset ɗin Shata ko Ɗan Maraya Jos ko na karatun malamai zai iya saurare ta kowane rami na AUX, amma in yana son ya ci gaba da naɗa, ya nemi REC OUT, domin sababbin na'urori da yawa sun watsar da shi. Talabijin na zamani kuwa yawanci ta ramin OPTICAL ko HDMI ARC yake fitar da sauti.

Batun Bluetooth bai kai a sauya amfilifaya dominsa ba. Akwai 'yan ƙananan na'urori masu araha da ake jonawa a AUX, tsohuwar amfilifaya ta karɓi waƙa daga wayar salula. Haka nan, mai lasifikoki biyu bai da buƙatar irin amfilifayar sinima mai ɓangarori biyar ko bakwai. Zai biya kuɗin ɓangarorin da ba zai yi amfani da su ba, gwamma kuɗin ya tafi kan biyu masu kyau.

Wutar gida

Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan gwanjo da ke shigowa kasuwar Alaba ta Legas su bazu zuwa Sabon Gari da sauran kasuwanni sun haɗa da na duk waɗannan ƙasashe. Na Turai sun dace da wutarmu kai tsaye. Na Amurka da na cikin gidan Japan sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma ranar da yaro ya manta ya soka ta a bango kai tsaye, shi ke nan. Wasu suna da ɗan makunni a baya na zaɓar bolt. A duba inda yake kafin a kunna, ba bayan an ji ƙauri ba.

Amfilifayoyi irin na da, da ake kira aji AB, suna da nauyi da zafi, domin kusan rabin wutar da suke ci a zafi take ƙarewa ko fiye. Na aji D da suka yawaita yanzu suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa ga lasifika, ba su da nauyi, ba su cika zafi ba, wasunsu kuma an rubuta musu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Ga gidan da ya dogara da sola da batir, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Tsohuwar al'adar ɗaga amfilifaya a ji nauyinta tana aiki ne a kan aji AB kaɗai. Mai inbata ya sani cewa irin mai arahar nan da ba ta fitar da wuta mai laushi tana sa tiransifomar amfilifaya kuka da zafi. Kowacce aka saya, a haɗa ta da sitabilaiza, a kuma riƙa kashe ta kafin a tayar da janareta ko a juya layi, domin a lokacin ne wuta ke yin tsalle.

Suna kuma ya daina zama shaida shi kaɗai. Kamfanin Akai na asali ya durƙushe a wajen shekarar 2000, Sansui ya bi sahu a 2014, sunayensu kuma wasu kamfanoni ne ke liƙa su a kayansu a yau. Panasonic ya dakatar da Technics a 2010, ya farfaɗo da shi a 2014. Yamaha da Denon da Marantz har yanzu suna ƙera amfilifaya mai ɓangare biyu, sai dai a kula da jabu masu sauya harafi guda a cikin sunan.

A shago, musamman wajen ta hannu, kada a yarda da gwajin minti biyu da ƙara a ƙure. A tafi da sautin da kunne ya saba da shi, zai fi kyau muryar mutum ce, a saurara a ƙasa-ƙasa, a karkata sautin hagu sannan dama a ji ko ƙarfinsu ɗaya, a gwada kowane rami. A bar ta a kunne kamar minti ashirin a taɓa samanta. Ɗumi ba laifi ba ne, zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba laifi ne. A leƙa ta ramukan iska ko akwai kafasitar da ta kumbura ko alamar ƙuna. A kuma nemi mai shago ya rubuta lambar na'urar a rasit tare da kwanakin da ya amince a dawo da ita idan ba ta dace da lasifikokin gida ba. Tsohuwar da aka cire kuwa kada a bayar da ita ga 'yan jari-bola a kan kilo, masu gyara suna sayen irinta saboda tiransifoma da maɓallanta.