Yaron Bakin Kogi, Ɗan Wa Ne?



A shekarar 2019 Nazanine Hozar, marubuciya haifaffiyar Tehran wadda ta girma a Kanada, ta fitar da littafi mai suna Aria. Labarin ya fara ne a 1953, da wata jaririya da aka yar a wani lungu na Tehran cikin dare. Wani direban sojoji, Behrouz, ya tsince ta ya kai gida, matarsa kuwa ta gasa mata aya a hannu. Haka yarinyar ta tashi daga wannan hannu zuwa wancan, har juyin juya halin 1979 ya iske ta.

A wajenmu, nan ƙasar Hausa, ba kasafai ake yar da yaro a lungu ba. Da rana tsaka ake rabuwa da shi, har da addu'a. Uba ya riƙo hannun ɗan shekara shida ya miƙa wa malam, ya ce ga amana, ya juya. Ba buhun gero, ba kuɗin sabulu, ba ranar dawowa.

Ku je bakin kogi a Yelwa ranar kasuwa, lokacin da jiragen ruwa ke sauke albasa da busasshen kifi. Za ku ga yaro da robar bara rataye a wuya, ƙafa duk faso, yana kokawa da kwandon da ya fi ƙarfinsa don a ba shi abin sayen ƙosai. Da yamma ya bi ƙofofi yana cewa, "Iya, ko ɗan ƙanzo." In dare ya yi, zauren da ya samu nan ne makwanci. Galibin yaran nan ba marayu ba ne. Iyayensu na nan da rai, wasu ma suna shirin ƙarin aure.

Karatun allo ba shi ne laifin ba. Shi ya raya ilimi a ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru, lokacin da gari ke ɗaukar nauyin malam da almajiransa. Abin da ya lalace shi ne ciyarwa da bibiya. Mun gani a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu ba su ma iya faɗin sunan ƙauyensu ba. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Madalla, amma hukuma a Abuja ba za ta san yaron da ya kwana da zazzaɓi a garin Wara ba.

Mai unguwa zai iya sani, limami ma haka. Su zauna da kowane malami a rubuta sunan yaro, sunan ubansa da garinsu, a kuma aika wa uban cewa kafin kaka ta wuce ya zo da hatsi ya ga ɗansa.