HITAR TSOHUWAR MOTA TA ƘI ZAFI: INA ZA A FARA DUBAWA?

Duk direban da ya taɓa tashi da asuba daga Jos a tsakiyar hunturu, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu cikin damina, ba sai an gaya masa amfanin hita a cikin mota ba. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, a watannin Disamba da Janairu kuwa sanyin dare yakan sauko kusan digiri 10. A irin wannan lokaci ne mai tsohuwar mota kan murɗa maɓallin zafi har ƙarshe, ya miƙa hannu ya ji iska na fitowa salam, ba ɗumi ba alamarsa. Yara na rawar ɗari a baya, gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki, shi kuwa yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da hula da ɗaya hannun.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauki wannan ƙaramin al'amari ne, su ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Amma fa akwai haɗari iri biyu a ciki. Na farko, direban da ba ya ganin gabansa sosai a gangaren Hawan Kibo ya sa ransa da na fasinjojinsa cikin kasada. Na biyu, sau da yawa mutuwar hita ita ce saƙon farko da inji ke aikowa cewa ruwansa na raguwa. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da wannan saƙo, wata rana zai sayi inji sukutum.

YADDA ZAFIN KE ZUWA

Mota ba ta da wata murhu ta dabam da take hura wa ɗaki. Man da inji ke ƙonawa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin tafiya, sauran zafi ne: wani ya bi salansa ya fita, wani kuma ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto iska ta huce shi. To, daga cikin wannan ruwa mai zafi ne ake karkatar da kaɗan ta wasu tiyo guda biyu zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗauki ɗumi ta fito wa mutane.

Saboda haka abubuwa huɗu ake bukata: ruwa isasshe, ruwan ya yi zafi sosai, ya riƙa zagayawa ta cikin ƙaramin lagireton, sa'an nan iska ta bi ta kansa. In ɗaya ya kasa, zafi ya tafi. Mai hikima yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai sauƙi wanda ba ya cin kuɗi, kafin ya yarda a kwance masa dashbod.

FARA DA ISKA DA RUWA

Da farko a saurari fanka. In iska ba ta fitowa sam, a duba fiyus. In fanka ba ta aiki sai an kai ta lamba ta ƙarshe, to, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, kuma ba shi da tsada. In tana ƙugi amma iskar ba ƙarfi, a duba matacin iska, wanda a yawancin motoci yana bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe shi.

In iska na fitowa da ƙarfi amma ba zafi, sai a koma kan ruwa. A nan akwai gargaɗi babba: kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin nan yana danne ruwan ne har ya iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da zarar an sassauta shi sai ruwa da tururi su yi tsartuwa su ƙona fuska da hannu. A bari sai da safe, inji ya kwana ya huce.

A yawancin motoci tiyon hita suna can sama-sama, don haka in ruwa ya ragu su ne na farko da ke rasawa. Alamar wannan ita ce zafi ya zo in an taka totur, ya gudu in an tsaya a danja. Wani lokaci kuma a ji ƙarar ruwa yana ɓulɓul a bayan dashbod, watau iska ta shiga hanyar ruwa, galibi bayan an canja lagireto ko tiyo ba a fitar da ita ba. Sai a cika ruwan, a bar inji yana aiki da maɓallin zafi a ƙarshe har kumfa ta daina tasowa. Wasu motoci suna da ɗan noti na musamman don fitar da iskar. Amma cikawa ba ita ce magani ba. Ruwan mota ba ya ƙarewa haka kawai, in ya ragu akwai inda yake bi, tilas a nemo wurin.

TAMOSTAT, ABIN DA AKE JEFARWA

In ruwa ya cika, sai a dubi allurar zafi bayan tafiyar minti goma ko goma sha biyar. Ya kamata ta hau wurin da ta saba tsayawa ta zauna daram. In ta maƙale a ƙasa, ko kuwa ta ɗan hau cikin gari amma ta faɗi da zarar an kama babban titi ko dogon gangare, to, inji ba ya kai zafin da aka tsara masa.

Mai laifi a nan shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa da ke tsakanin inji da lagireto. Takan kasance a rufe har ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 92, gwargwadon irin motar, sa'an nan ta buɗe. In ta tsufa takan maƙale a buɗe, ruwa ya yi ta zagaye yana hucewa. Gwajinta ba wuya: a tayar da inji da sanyinsa, a dafa babban tiyon lagireto na sama, ana kiyaye hannu daga fanka da fambel. In lafiya lau ne zai daɗe da sanyi, sa'an nan ya ɗauki zafi farat ɗaya. In kuwa ya fara ɗumi sannu-sannu tun daga farko, ƙofar a buɗe take. A motocin da ke da kwamfuta, na'urar gwaji takan nuna lamba P0128 a kan wannan matsala.

A ƙasar nan kuma akwai wata al'ada: mota tana sauka daga Kwatano ko tashar jirgin ruwa ta Ikko, abu na farko da wasu makanikai ke yi shi ne su cire tamostat su jefar, wai na ƙasar Turawa ne. Wannan kuskure ne. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, ya fi tara dauɗa a cikin baƙin mai, ya kuma fi saurin cinyewa. In mota na tafasa, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa. Cire tamostat ɓoye ciwo ne kawai.

TIYO BIYU MASU BA DA LABARI

In allura ta hau daidai, sai a buɗe bonet a nemi tiyo biyun da suka huda bangon da ke tsakanin inji da ɗakin fasinja. A taɓa su da hattara, domin su ne za su faɗi gaskiya.

In babu su sam, ko aka ga an lanƙwasa ɗaya an haɗa bakinsa da inda ɗayan ke fitowa, to, wani ya riga ya yanke hitar, galibi don ta taɓa yoyo. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin motocin haya.

In ɗaya na da zafi ƙwarai ɗayan kuwa da ɗan ɗumi ko sanyi, ruwa ba ya wucewa. Ko dai famfon da wasu motoci ke da shi a kan tiyon ya maƙale a rufe, ko kuma ƙaramin lagireton ya toshe. Hanyoyin cikinsa sirara ne ƙwarai, shekara da shekaru ana zuba wa mota ruwan rijiya da na kududdufi, tsatsa da laka su taru su liƙe su. Garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto shi ma yakan ƙarasa aikin. Maganinsa a cire tiyo biyun, a tura ruwa mai tsabta ta inda yake fitowa ya koma baya, a yi ta yi har ya fito garau. Amma a yi a hankali, domin ƙarfin famfon wankin mota yana iya fasa shi.

In duka biyun suna da zafi amma iska na fitowa da sanyi, ruwa ba shi da laifi. Akwai wani faifai a cikin dashbod da ke karkatar da iska zuwa wajen zafi ko wajen sanyi. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, waya ce ke jan irin waɗannan abubuwa, takan kuma zame ko ta tsinke. A na baya-bayan nan ƙaramin inji ne na lantarki, in haƙoransa suka karye sai a ji ƙas-ƙas in an murɗa maɓalli.

In duka biyun ɗumi-ɗumi ne alhali inji ya yi zafi, a tuhumi famfon ruwa. A motar da ta ci dubban ɗaruruwan kilomita, tsatsa takan cinye fukafukansa har ya kasa tura ruwa sosai.

ALAMUN DA BA A JINKIRI DA SU

In aka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, dardumar gaba ta jiƙe, gilashi kuma ya riƙa yin wani hazo mai maiƙo da ba ya goguwa, ƙaramin lagireton ne ya huje. Sinadarin da ke cikin ruwan lagireto na kanti guba ne, ga shi da zaƙi, a nisanta shi daga yara da dabbobi.

In kuwa ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa ba ta daina tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to, gaskit ɗin saman inji ya ƙone. A ajiye motar a kira ƙwararren makaniki.

Masu Volkswagen Beetle, mai siffar kunkuru, su lura: iska ce ke sanyaya injinta, ɗuminta kuwa daga jikin bututun hayaƙi yake zuwa. In ya huje, iskar gubar da ba ta da wari ba ta da launi za ta shigo ɗaki. Irin wannan guba ce ke fita daga garwashi, don haka kada sanyi ya sa kowa ya shigar da kaskon wuta cikin mota, ko ya bar inji yana aiki a rufaffen gareji.

Kafin a samu gyara, mai fama da raɓar gilashi ya kunna na'urar sanyaya ɗaki in tana aiki, ya karkatar da iskar zuwa gilashi, domin tana busar da danshi. Ya bar iskar waje ta shigo, ya ɗan sassauta taga.

Rigakafi dai ya fi magani. A riƙa zuba ruwan lagireto na kanti irin wanda littafin motar ya faɗa, a canja shi a kan lokaci, a mai da tamostat wurinsa, a kuma kunna hita na 'yan mintoci ko da sau ɗaya a wata, har da bazara, don kada famfo da faifai su ƙage. Hita mai lafiya ma takan ceci inji: ranar da allura ta doshi ja a tsakiyar hawa, a kashe sanyi, a buɗe zafi da fanka har ƙarshe, za ta janye wani zafin har a samu wurin tsayawa. A sauka lafiya.