Mintunan da Ke Tsakanin Allura da Bututu

Hanyar Kano zuwa Jos, wadda ta ratsa Tudun Wada ta kutsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, ba ta rabo da manyan motoci da masu babura. Idan hatsari ya auku aka ɗauko mutum kansa ya bugu, yana gurnani, numfashi na fita da ƙyar, asibiti mafi kusa za a fara nufa da shi, irin babban asibitin Tudun Wada. Sashen kulawa ta musamman mai injin numfashi kuwa sai an dangana da birni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko makamancinsa. A wani mataki na wannan doguwar tafiya likita zai iya yanke shawarar zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro domin iska ta isa huhu. Bututun yana ceton rai. Sai dai 'yan mintunan da ake ɗauka ana sa shi suna cikin mafi hatsari ga ƙwaƙwalwa, kuma shirin da aka yi kafin a taɓa bututun shi ke raba gardama.

Kafin a sa bututu sai an yi wa majinyaci allurar barci da wadda ke saki tsokar jiki. Daga nan numfashinsa ya tsaya cak, yana rayuwa ne da guzurin oksijin da ya rage masa a huhu. Lafiyayyen mutum da aka shaƙa wa oksijin sosai zai iya jure mintuna da dama. Wanda jini ko amai ya shiga huhunsa, ko mai ciwon namoniya, ko mai juna biyu, ko ƙaramin yaro, guzurinsa kan ƙare cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. 'Yar na'urar auna oksijin da ake maƙala wa a yatsa tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya. Da zarar ta sauka ƙasa da 90, faɗuwar takan zo da gudu. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin ɗinsa, ga shi ba ta da rumbun ajiya. Idan iskar ta yanke mata gaba ɗaya, ƙwayoyinta kan fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6, kuma sashen da ke riƙe sabon abin da mutum ya gani ko ya ji yana cikin waɗanda suka fi saurin lalacewa. Shi ya sa wani zai tashi daga jinya jiki garau, amma ya kasa tuna wanda ya gaishe shi da safe.

Abin ba kaɗan yake faruwa ba. Wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2021, wanda ya bi majinyata 2,964 a ƙasashe 29, ya gano cewa kashi 9.3 oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa da 80 lokacin sa bututu, kashi 3.1 kuma zuciyarsu ta tsaya. A birnin San Diego na Amurka, rahoton 2003 ya nuna cewa cikin mutum 54 masu mummunan rauni a kai da ma'aikatan motar asibiti suka sa wa bututu, 31 oksijin ɗinsu ya faɗi ana cikin aikin. A jihar Arizona an duba masu raunin kai sama da 13,000: waɗanda ba su gamu da ƙarancin oksijin ko faɗuwar jini kafin isa asibiti ba, kashi 5.6 suka rasu. Masu ƙarancin oksijin kaɗai, kashi 28.1, waɗanda abin biyu ya haɗe musu, kashi 43.9.

Mai hankali zai ce ai wanda ciwonsa ya fi tsanani shi oksijin ɗinsa ke faɗuwa, don haka ciwon ne ya kashe shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ba wanda zai hana majinyaci iska da gangan don gwaji. Amma masu binciken Arizona sun cire tasirin tsananin rauni daga lissafi, hatsarin bai gushe ba. Ƙwaƙwalwar da ta bugu tana kumbura, jini na ratsa ta da wahala, ƙara mata yunwar iska kuwa rauni ne na biyu, wanda hannun ma'aikaci zai iya karewa.

Wani tsoron da ya daɗe a zukatan likitoci shi ne matsa wa majinyaci iska da jakar roba bayan allura zai tura iska cikin tumbi, ya tayar da amai ya koma huhu. An gwada wannan a Amurka kan majinyata 401, aka buga sakamakon a 2019. Waɗanda aka matsa wa jaka a hankali, kashi 10.9 ne oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa da 80, sauran kuwa kashi 22.8, kuma ba a ga ƙaruwar shaƙar amai ba.

Saura masu cewa wannan zancen asibitocin masu hali ne. A ganina ya fi shafar ƙananan hukumomi irin su Kiru da Bebeji da Doguwa, domin nisa da birni yana tsawaita lokacin da ƙwaƙwalwa za ta zauna cikin yunwa, kuma kayan da ke hana hakan ba masu tsada ba ne: silinda cike da oksijin, takunkumin da ya kama fuska ba ya yoyo, jakar matsawa, injin zuƙe majina da jini, ɗaga kan gado, da ba da oksijin na aƙalla minti 3 kafin allura. Injin tace oksijin mai aiki da lantarki yawanci lita 5 zuwa 10 yake bayarwa a minti, wannan aiki kuwa yana son lita 15 ko fiye, don haka silinda ba ta da madadi. Inda babu wanda ya ƙware da sa bututu, riƙe majinyaci da jaka da takunkumi har Kano ya fi a yi ta lalube a maƙogwaronsa. Ita ma na'urar yatsa a yi hattara da ita: binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Idan ta nuna 92 a yatsan ɗan Tudun Wada, ya kamata ma'aikaci ya dakata ya ƙara masa iska kafin ya ci gaba.