Wa Ya Fi Sanin Sirrinka: Jami'in Lafiya Ko Wayar Hannunka?

A shekarar 2020, lokacin da korona ta shigo Gombe har aka riƙa killace majinyata a Kwadon, wani saƙo ya yi ta yawo a WhatsApp, wai an dasa wa kowa na'urar leƙen asiri a waya. Abin da ya faru shi ne Google da Apple sun ƙara wa wayoyi wani tsari: idan wayoyi biyu suka jima kusa da juna, sai su yi musayar wasu lambobi ta Bluetooth, babu suna, babu adireshi. Kuma ba ya aiki sai mai wayar ya amince da kansa.

A ƙasarmu ma, yawancin bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da mai cuta da ƙafa ake yin ta. Jami'in lafiya ne zai yi sallama a ƙofar gida, a Bolari ko Jekadafari, ya tambayi wa ya yi jinya, wa ya kwana ɗaki ɗaya da maras lafiya, wa ya wanke gawa. Bayanan sukan shiga SORMAS, manhajar da aka ƙirƙiro bayan Ebola ta 2014, wadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke amfani da ita. Idan zazzaɓin Lassa ne, kwana 21 ake sa ido a kan mutum, sannan a sallame shi.

Masu ɗari-ɗari da ba da bayanansu suna da hujjarsu. A Singafo an yi wa jama'a alkawarin cewa bayanan manhajar TraceTogether na yaƙi da cuta ne kaɗai, sai ga shi a Janairun 2021 gwamnati ta amsa cewa 'yan sanda na iya amfani da su. A nan gida kuma, da zarar sunan mai cuta ya fita, sai ƙyama ta biyo baya, har a ƙaurace wa shagonsa.

Sai dai fa mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago. Wanda ya hana jami'in lafiya sunayen mutum biyar, shi ne ya miƙa wa manhajojin sada zumunta lambobin kowa da ke cikin wayarsa, har na surukai. Ka kai sabuwar waya wurin masu tura manhaja a kasuwa, yaron shago yana ta danna amincewa ba tare da ya karanta ba: kyamara, makirfo, hotuna, wurin da kake. Cikin minti biyu an gama. Jami'in lafiya na da ranar daina bibiyarka. Manhajojin nan kuwa kullum suna tattara abin da kake kallo da wanda kake hulɗa da shi, domin da shi suke samun kuɗin talla.

Hukumomi ma sun shaida. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, bisa laifuffukan da suka haɗa da sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da izininsu ba. Tun a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin bashi na Soko naira miliyan 10 saboda tura saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin masu cin bashi. Wanda aka taɓa aika wa iyayensa saƙon cewa shi macuci ne a kan bashin dubu biyar, ya san zafin abin.

To, mene ne abin yi? Shiga saitin wayarka, ka duba izinin da kowace manhaja take da shi, ka kashe wanda ba ta buƙata. Manhajar tocila ba ta da haɗi da lambobin abokanka. Kada ka ɗora hoton katin NIN, takardar asibiti ko sakamakon gwajin wani a zauren WhatsApp, ko da neman addu'a kake yi masa.

Idan kuma jami'in lafiya ya zo, nemi katin shaidarsa, ka tambaye shi wa zai ga bayanan, kuma har yaushe za a ajiye su. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka wannan haƙƙi, ta kuma ba ka damar kai ƙara wurin hukumar kare bayanai, NDPC. In ka gamsu, faɗa masa gaskiya, domin sunan da ka ɓoye yana iya zama na wanda cutar za ta kwantar gobe.