Yadda Kwamfuta Take Jin Maganar Yatsunmu

'Yan'uwana ɗalibai, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, ta koma ta kwamfuta. Da yawanmu kuwa da an ambaci kwamfuta sai gabanmu ya faɗi. Ni ma haka nake, sai da na je Samaru hutun da ya wuce wurin yayana, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ya warware mini zare da abawa.

Ya ce in tuna da mai shayi a Sabon Gari. Yana zaune yana jira, wannan ya ce a ba shi mai madara, wancan ya ce a soya masa ƙwai, shi kuwa yana sallamar su bi da bi. To, haka manhajar kwamfuta take. Aikinta jira ne. Duk maballin da ka danna, sai a aika mata da saƙo ya shiga layi, in ka ɗaga yatsa a aika wani. Ita kuwa tana ɗaukar saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, tana duba aikin da mai tsara ta ya ɗaura wa kowanne. Saƙon da ba a ɗaura masa kome ba, sai ta ƙyale shi.

Haka nan 'yar tayar da ke bayan linzamin kwamfuta, wadda ta bazu bayan kamfanin Microsoft ya fitar da irin wannan linzami a 1996. A tsarin Windows, in ka mirgina ta taki ɗaya, lambar 120 ake aikawa, tare da alamar gaba ka yi ko baya. Daga nan sai manhaja ta gusa da rubutu, galibi layi 3. Watau ba tayar ke jan shafi ba, labari kawai take kaiwa.

Akwai kuma wani abin lura. In tagogi da yawa suna buɗe a fuskar kwamfuta, guda ɗaya ce tak ke karɓar saƙon maballai a lokaci guda. Na ga wannan da idona a wani shago da muke gwaji. Wani yaro ya yi ta danna harafi, tambaya ta ƙi motsi, har ya fara rantsuwa na'urar ta lalace. Ashe ya taɓa wata taga ce dabam, saƙonninsa can suke tafiya. Da aka mayar da kibiya kan tambayar aka danna sau ɗaya, sai kome ya daidaita.

Saboda irinmu da ba mu saba da linzami ba, a 2017 JAMB ta kawo tsarin maballai 8. A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa ta baya, S na miƙa aiki, R kuma na fasa miƙawa a dawo. Duk wannan ɗaure saƙo da aiki ne, kamar yadda na bayyana.

Don haka 'yan'uwa, kada mu bari tsoron maballi ya cinye mana karatun shekara 6. Mu yi ta gwaji tun yanzu, mu kuma kiyayi harafin S sai mun gama. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ba mu sa'a, amin.