Nano: manhajar gyaran rubutu da ba ta wahalar da ɗan koyo a Linux

Duk wanda ya fara koyon Linux, ko ba daɗe ko ba jima zai tsinci kansa gaban baƙin allon nan da ake kira taminal, inda linzamin kwamfuta ba ya aiki, sai dai a rubuta umarni. A nan ake gyara fayilolin da ke tafiyar da na'ura. Sabbin shiga da yawa kan buɗe manhajar Vim, su rasa ko yadda za su fita. Nano ta zo ne da sauƙi a kan wannan.

Chris Allegretta ne ya ƙirƙiro ta a 1999 da sunan TIP, domin ta maye gurbin Pico ta Jami'ar Washington da ke Amurka, wadda lasisinta ya taƙaita rarraba ta bayan an yi mata gyara. A 2000 aka sauya mata suna zuwa nano, a 2001 kuma ta shiga shirin GNU. Kyauta ce, kuma takan zo cikin Ubuntu da Debian tun daga girkawa.

Sauƙinta shi ne ba sai ka haddace komai ba. Ka rubuta "nano" da sunan fayil, ka shiga rubutu kai tsaye. Muhimman umarnai suna jere a ƙasan allo. Alamar ^ tana nufin maɓallin Ctrl: Ctrl+O ya adana aikinka, Ctrl+K ya yanke layi, Ctrl+U ya manna shi, Ctrl+X ya fitar da kai. Idan na'urarka da Faransanci take, za ka ga Écrire, Couper, Coller da Quitter. Tana kuma karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, muddin an saita taminal ɗin a kan UTF-8.

Ga wanda ke kula da wata kwamfuta daga nesa, ga intanet mai rauni, wannan riba ce, don rubutu kawai ke kai-komo, ba hotuna masu cin data ba.

Sai dai a yi hattara. Kuskuren harafi ɗaya cikin fayil irin /etc/fstab na iya hana na'ura tashi yadda ya kamata. Saboda haka ka buɗe irin wannan fayil da "sudo nano -B", domin nano ta ajiye maka kwafin tsohon kafin ta adana sabon.