Ƙa'idojin Tsara Shafin Intanet a Manhajar Hausa

A ganinmu, ya kamata darasin tsara shafi ya fara da tantance mai karatu da irin na'urar da ke hannunsa. Daga nan ɗalibi zai jera bayanansa bisa muhimmancinsu, ya zana fasalin shafin a takarda kafin ya taɓa kwamfuta. Launi shi ne na ƙarshe, kuma yana da mizani: ƙa'idojin WCAG 2.0 na shekarar 2008 sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5:1.

Inda muka fi son malamai su tsaya shi ne zaɓen salon haruffa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, amma ba kowane salo ne ke ɗauke da su ba. Idan babu su, akwati kan fito a gurbin harafin, sai mai tsarawa ya gaji ya cire lanƙwasar: ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Saboda haka muna ba da shawarar kada a ba aikin ɗalibi maki sai an buɗe shi a waya an gwada waɗannan haruffa, manya da ƙanana.